Yadda Ake Kiwon Ƙudan Zuma a Lambu ko Bayan Gida da Amyar Katako

Ƙudan zuman ƙasar Hausa ba irin wanda ake gani a bidiyon Turawa ba ne, inda mutum zai buɗe akwati ba riga ba hula yana ta surutu. Namu, wanda masana ke kira Apis mellifera adansonii, yana da hali biyu da duk mai son kiwonsa ya kamata ya riƙe: faɗa da saurin ƙaura. In aka taɓa shi ba bisa ƙa'ida ba, ɗaruruwa ke fitowa lokaci guda, su bi mutum nesa. In kuma wuri ya dame shi, ko yunwa, ko zafi, ko tururuwa, ba ya tsayawa haƙuri, dukkansu za su tashi su bar maka amya wayam. Zaɓen wuri, ƙirar amya, lokacin buɗewa da yawan zumar da za a cire, duk waɗannan halaye biyu ne ke tsara su.

Wurin da za a ajiye amya

Tsakar gida a cikin unguwa mai cunkoso ba wurin zuma ba ne, kome sha'awar mutum. Abin da ya dace shi ne lambu, garka, gonar bayan gari, ko gida mai fili sosai wanda ke gefen gari. A bar tazarar aƙalla mita 100 tsakanin amya da ɗakunan kwana, hanyar da mutane ke bi, makaranta, masallaci da rijiya. Abin da ya fi kome haɗari shi ne dabbar da ke ɗaure a turke. Mutum zai gudu, akuyar da ke sake za ta gudu, amma rago ko jaki ko doki da ke ɗaure sai dai su tsaya a harbe su har su mutu. Kaji a keji ma haka. Kada a ɗaure dabba kusa da amya ko da na yini ɗaya ne.

A kewaye wurin da zana ko shinge mai tsayin mita 2. Ba don ɓarayi kaɗai ba: ƙudan da ya fito ya tarar da shinge a gabansa dole ya yi sama, sai ya wuce ta saman kawunan mutane maimakon ya yi karo da su. Shingen zogale yana yin aiki biyu, don furensa ma abinci ne.

Inuwa wajibi ce. 'Ya'yan zuma suna buƙatar ɗumin da ke wajen digiri 35, a bazara kuwa zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yakan haura 40. Amyar da ke cikin rana tsaka, ƙudan zai bar neman abinci ya koma ɗebo ruwa da fifita, saƙa mai nauyi kuma ta yi laushi ta zube. Gindin mangwaro, tsamiya ko darbejiya ya yi. Gawo dai a lura, da damina yake zubar da ganye, da rani yake bayar da inuwa, wannan kuwa daidai ne da buƙatar mai zuma.

Littattafan ƙasashen sanyi sukan ce ƙofar amya ta kalli gabas don hantsi ya tashe su da wuri. A nan wannan shawara ba ta da amfani. Hadarin damina daga gabas yake tasowa da iska, hunturu kuma daga arewa maso gabas yake busowa da ƙura. A juya ƙofa kudu, kuma ta ba hanyar mutane baya.

Sai abinci da ruwa. Ƙudan zuma yana kiwo ne a kewayen kilomita 2 zuwa 3, saboda haka ba lambunka kaɗai za ka duba ba, har da itatuwan yankin. Ɗorawa, kaɗanya, mangwaro, kashu da darbejiya suna fure a rani, su ne ke kawo babbar zuma. Magarya da kurna, bagaruwa, riɗi, wake da kabewa suna cike giɓin ƙarshen damina da kaka. Ruwa kuwa kai za ka ajiye, tun kafin su zo: kasko ko tsohuwar roba a inuwa, a zuba tsakuwa da 'yan karare don su sami wurin sauka, in ba haka ba su nutse. In ba ka ba su ruwa ba, za su gano randar maƙwabta ko wurin alwala, kuma in suka saba da wuri, da wuya a raba su da shi.

Wace irin amya

Amyar gargajiya ta saƙar ciyawa da ake shafe ta da kashin shanu a ɗora bisa itace tana kama zuma sosai, ba ta da tsada. Aibinta shi ne ba a iya duba cikinta, kuma a wajen cirewa akan kwashe har da 'ya'ya, sau da yawa a ƙone ƙudan da wuta. Akwai kuma akwati mai hawa-hawa da firam a ciki, wanda Langstroth ya ƙirƙiro a Amurka a 1851. Yana bayar da zuma da yawa, amma yana son kafinta mai awo daidai, da injin tatsa, da kuɗi. Ga mai farawa da amya biyu ko uku, wadda ta fi dacewa ita ce doguwar amyar katako mai sanduna a sama, wadda aka fi sani da amyar Kenya, don can aka inganta ta wajen shekarun 1970. Kowace saƙa a jikin sandarta take rataye, sai a ɗaga ɗaya bayan ɗaya ba tare da an fasa kome ba.

Ga awon da za a ba kafinta. Katako busasshe mai kaurin inci ɗaya, wato santimita 2.5, malaina ta yi, maɗaci ya fi ƙarko amma ya fi nauyi. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa ya buɗe kafofi. Katakan kai da gindi guda biyu a yanke su sama faɗi ƙasa tsuke: santimita 44 a sama, 20 a ƙasa, zurfi 28. Wannan karkatar da bango ita ke rage wa ƙudan liƙa saƙa a jikin gefe. A wuraren da zafi ya yi tsanani a rage zurfin zuwa 25, don gajeriyar saƙa ba ta cika tsinkewa ba. Tsawon ciki santimita 90, wanda zai ɗauki sanduna 28.

Sandunan su ne inda ba a yarda da kuskure. Tsawon kowace santimita 48, kauri wajen 2, faɗi kuwa milimita 32 cif. Dalili: ƙudanmu yana gina saƙa da tazarar milimita 32 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar waccan. In sanda ta fi haka faɗi ko ta kasa, kuskuren yana taruwa, kafin a kai sanda ta shida sai ka ga saƙa ɗaya ta haɗe sanduna biyu, ba a iya ɗaga ko ɗaya sai an yaga. Awon Turai milimita 35 ne, kada a kwafo shi. In babu abin awo a kusa, murfin ƙarfe na kwalbar lemo wanda bai lanƙwashe ba faɗinsa wajen milimita 32 ne, a gwada kowace sanda da shi kafin a biya kafinta. A ƙarƙashin kowace sanda, daidai tsakiya, a ja layi da zarto mai zurfin milimita 3 daga wannan kai zuwa wancan, a narka kakin zuma a cika shi har ya ɗan turo. Wannan layin za su bi su fara gini. In an jera sandunan su haɗu da juna ɗam, ba kafar da ƙuda zai bi ya fito.

Ƙofa: ramuka shida zuwa takwas masu faɗin milimita 8 zuwa 10 a katakon kai ɗaya, kusa da ƙasa. In suka fi haka girma, ƙadangare, ɓera da manyan ƙwari za su shiga. Murfi na kwano a kan firam ɗin katako, ya zarce jikin amya ta kowane gefe, a bar ɗan sarari tsakaninsa da sanduna, sannan a ɗora zana ko ciyawa a kai. Kwano tsirara a rana murhu ne. Fenti a waje kawai, fari, kuma a bari warinsa ya fita sarai. Ciki ba a shafa masa kome sai kaki.

A ɗora amyar a kan teburin ƙarfe mai tsayin wajen santimita 70, kowace ƙafa a cikin gwangwani mai baƙin mai, ko a shafe ƙafafun da giris. Wasu sukan rataye ta da waya tsakanin itace biyu, su shafe wayar da giris, hakan ma ya yi. Ko ta wace hanya, amyar ta zauna daidai ba karkata, domin ƙudan zuma saƙarsa a miƙe take sauka ƙasa, ba ruwansa da yadda akwatinka ya jirkice. A nome ciyawar da ke ƙarƙashi. Kara ɗaya da ya jingina da amya ya isa ya zama gadar tururuwa.

Fara da amya biyu, ba ɗaya ba. Dalilin zai fito a wajen maganar sarauniya, wato uwar gungun da ke yin ƙwai.

Kayan aiki da maganar harbi

Riga mai haɗe da wando, fara ko mai haske, mai kauri kuma sakakkiya a jiki. Tela zai iya ɗinka ta da yadin kaki ko buhun fulawa ninki biyu. Hula mai faɗin baki da raga baƙa a fuska, don ta baƙar raga aka fi gani sosai, kuma kada ragar ta taɓa hanci ko haɓa. Safar hannu ta roba mai tsawo, takalmin ruwa, a cusa ƙafar wando ciki a ɗaure. Ƙudan da ya faɗi ƙasa sama yake hawa, yawancin harbin da ke shiga riga ta ƙafa yake biyowa. Sai wuƙa mai ƙarfi ta ɓamɓare sanduna, gashin fiffiken tsuntsu ko tattausan buroshi na share ƙuda, bokitin roba mai murfi, da tocila da aka rufe bakinta da jar leda, saboda ƙudan zuma ba ya ganin jan haske sosai, farin haske kuwa kansa yake yi.

Abin hura hayaƙi gwangwani ne mai bututu da 'yar zuga-zugi a jiki, maƙeran gwangwani suna yin sa in an nuna musu samfuri. Makamashinsa busasshen kashin shanu, totuwar masara, ƙaiƙayi ko tsohon buhun algarara. Ban da leda, roba, taba da tsumma mai mai. Hayaƙin da ake so fari ne mai kauri mai sanyi. Gwada shi a bayan hannunka, in ya yi zafi ka cusa ɗanyen ganye a sama. Hayaƙi yana sa su duƙufa shan zuma, yana kuma rufe warin da suke kiran juna da shi zuwa faɗa.

Ba a shan zuma sai an sha harbi, wannan gaskiya ce, amma ana rage shi. Kada ka je da turare, ko warin gumi, ko baƙaƙen kaya. In an harbe ka, kankare ƙarin da farce ko bakin wuƙa nan take, don muddin yana jiki dafi yana ci gaba da shiga, sannan ka busa hayaƙi a wurin, in ba haka ba warin zai kira wasu su harbi daidai nan. Kumburi da ƙaiƙayi a wurin harbi na kwana biyu ko uku ba kome ba ne. Amma in mutum ya ji numfashi na sarƙewa, ko leɓe da harshe suna kumbura, ko jiri, ko borin jini ya feso a duk jiki, a kai shi asibiti a guje, wannan yana kisa cikin mintoci. Wanda ya taɓa yin haka ya haƙura da kiwon zuma. In suka yi maka rubdugu, rufe fuska, ka bar wurin da sauri, ka ratsa cikin ganyaye ko ka shige ɗaki ko mota. Kada ka faɗa ruwa, za su jira ka a sama.

Yadda ake sa su shiga

A nan ba a cika sayen ƙudan zuma ba, kama shi ake yi. Lokacin da gungu-gungu ke yawo suna neman gida ya fi yawa daga ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, zuwa cikin hunturu, saboda haka amya ta kasance a shirye kafin ƙarshen Satumba.

A goge cikin amya da kakin zuma mai ɗan ɗumi, musamman bakin ƙofa da ƙarƙashin sanduna. A murza ɗanyen ganyen ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake sa wa shayi, a goga a ciki da bakin ramuka. Ƙamshinta ya yi kusa da wanda ƙudan ke fitarwa in yana kiran 'yan'uwansa gida. Masu amyar gargajiya suna turara tasu da kashin shanu da saiwoyi masu ƙamshi, wannan ma yana aiki a amyar katako. Abin da ba a sa wa shi ne zuma ko sukari, tururuwa kawai za su tara. Ƙamshi yana gushewa, don haka duk mako biyu a buɗe, a share yanar gizo-gizo, a kori ƙadangare ko zanzaro in sun tare, a sake gogawa.

Amya mai sanduna 28 ta yi wa ƙaramin gungu girma, kuma masu neman gida sun fi son wuri mai tsayi. Dabarar da ta fi kamawa ita ce ƙaramin akwati mai faɗi da zurfi iri ɗaya da babbar amya amma mai sanduna shida ko bakwai, a turara shi, a ɗaure a reshe mita 3 zuwa 4 daga ƙasa. In ka ga suna shiga da garin fure a ƙafafunsu, rawaya ko ja, sun zauna ke nan, sarauniya ta fara ƙwai. A ba su mako biyu zuwa uku, sannan bayan magariba a toshe ƙofa da raga ko soso, a sauko da akwatin a hankali ba girgiza, sabuwar saƙa ba ta da ƙwari. A kai shi daidai inda babbar amya za ta zauna, bayan kwana biyu a mayar da sandunan cikinta a jerin da suke, a ɓangaren ƙofa, a cike sauran da sanduna marasa kome.

Akwai ƙa'idar matsar da amya: ko ƙasa da mita ɗaya a rana, ko fiye da kilomita 3 gaba ɗaya. Tsakanin haka, masu fita kiwo tsohon wurin za su koma su taru su mutu. Saboda haka akwatin kamu ko dai a rataye shi a itacen da amya ke ƙarƙashinsa, ko can nesa.

Duba amya

Wata na farko a ƙyale su. Yawan buɗewa yana cikin manyan abubuwan da ke korar sabon gungu. Bayan haka sau ɗaya a wata ya isa, da yamma liƙis, wajen awa ɗaya kafin faɗuwar rana, don in sun fusata dare ya raba faɗan kafin su kai ga maƙwabta. A je mutum biyu, ɗaya na hayaƙi ɗaya na ɗagawa.

Tsaya a baya ko a gefe, ban da gaban ƙofa. Busa hayaƙi sau huɗu ko biyar a ramukan, jira minti biyu. Ɗaga murfi ba bugu. Ƙwanƙwasa sanduna a hankali da bayan wuƙa daga baya: inda ba saƙa ƙara take yi fayau, inda saƙa ta fara sai sautin ya toshe. Cire sanduna biyu marasa kome daga can baya don ka sami sarari, ka busa hayaƙi kaɗan, sannan ka riƙa jawo sanduna ɗaya ɗaya zuwa cikin sararin. In saƙa ta liƙe da bango, yanke liƙin daga ƙasa zuwa sama. Riƙe sanda ta kai biyu, saƙa na rataye a tsaye. Kada ka kwantar da ita don leƙen ɗaya fuskar, karyewa za ta yi daga jikin sanda. Juya jikinka ko ka zagaya da sandar tana tsaye. Kowace ta koma gurbinta da fuskar da take. Kada aikin ya wuce minti goma sha biyar.

Jerin da za ka tarar daga baya zuwa ƙofa: sabuwar farar saƙa, saƙar zuma, saƙa mai garin fure, sannan 'ya'ya. Ba sai ka ga sarauniya ba. In ka ga ƙwai, fari siriri guda ɗaya a tsaye a gindin kowane rami, to tana nan cikin kwana ukun da suka wuce, don ƙwai kwana uku yake yi ya ƙyanƙyashe. Ma'aikaciya, wato macen ƙudan da ke kiwo da gini, tana fitowa bayan wajen kwana 19 zuwa 21 daga ƙwai, namiji kwana 24, sarauniya kwana 15 zuwa 16. Murfin ramin 'ya'ya ruwan ƙasa ne, na maza ya fi tudu, na zuma kuwa ya fi haske da santsi. Sarauniya mai kyau ƙwanta a cunkushe yake, ba tsalle-tsalle.

In ka ga ƙwai biyu, uku ko fiye a rami ɗaya, wasu manne a bango, ga ramukan maza ko'ina, sarauniya ta mutu da daɗewa, ma'aikata ne ke zuba ƙwan da ba ya haifar da kome sai maza. A nan amya ta biyu ke ceto. In aka lura da wuri cewa ƙwai ya yanke, a ɗauko saƙa mai sababbin ƙwai daga ɗayar, a kakkaɓe ƙudan da ke kai, a saka musu a tsakiyar 'ya'ya, su da kansu za su reni sabuwar sarauniya. In abin ya riga ya yi nisa, sau da yawa sai an maimaita mako-mako, wani lokaci ma ya fi sauƙi a kakkaɓe su a sake turara amyar.

Ɗakin sarauniya dogo ne, yana rataye yana kallon ƙasa kamar kwanson gyaɗa. In ka ga da yawa a gefen saƙa, amya kuma ta cika maƙil, shirin rabuwa suke yi: tsohuwar sarauniya za ta tafi da kusan rabinsu. Maganinsa sarari. A cire zumar da ta nuna, a saka sanda ɗaya ko biyu marasa kome a iyakar 'ya'ya da zuma, a kuma rataye akwatin kamu a kusa don in sun fita su faɗa hannunka.

Abin da ke korar su

Tururuwa da kwarkwasa su ne na farko. Kwarkwasa tana iya gamawa da amya a dare ɗaya. A riƙa duba gwangwanayen ƙafa, ƙura da ganye sukan rufe man su zama hanya, ruwan sama kuma ya wanke shi. Toka a kewayen ƙafafu tana taimakawa da rani.

Sai asun kaki, wani ɗan malam-buɗe-littafi mai ruwan toka da ke shiga da dare ya yi ƙwai. Tsutsarsa tana huda saƙa, ta bar farar yana da baƙin kashi. Gungu mai ƙarfi yana korar sa da kansa. Inda yake cin nasara shi ne amyar da saƙa ta fi ƙuda yawa. Saƙar da ba ƙuda a kanta a cire a narka. In gungun ƙarami ne, a yanka katako daidai cikin amya a tsuke musu wuri. Haka ma ɗan baƙin ƙwaron nan mai gudu in an buɗe murfi, wanda tsutsarsa ke sa zuma ta yi tsami: ƙarfin gungu da tsabtar ƙasan amya ne maganinsa.

Yunwa takan zo a tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da ko'ina kore ne amma fure ya yi ƙaranci, ruwa kuma yana hana fita. Can arewa kuma har da ƙarshen bazara. Alamarta: saƙa fayau ba zuma, ƙwai ya ragu, sun ƙara faɗa. In ka gan su sun yi dandazo a wurin injin niƙa suna kwasar gari, garin fure ne ya yanke. A dama sukari kofi ɗaya da ruwan ɗumi kofi ɗaya, a zuba a ƙaramar roba mai karare a ciki, a ajiye cikin amyar can baya da yamma. A waje ba a ajiyewa, yana jawo ƙudan wasu wurare su zo fashi. Abin da ba su shanye cikin kwana biyu ba a zubar, ya fara tsami. Da fure ya dawo a daina, in ba haka ba ruwan sukari za ka cira ka kira shi zuma.

Feshin maganin ƙwari, musamman na wake lokacin da yake fure, yana kashe masu kiwo tuli. Za ka gan su a zube gaban ƙofa harshe waje. Ka san maƙwabtan gonarka, ka roƙe su su yi feshi da yamma bayan ƙuda ya koma gida, su kuma gaya maka ranar. Kafin hunturu a share fili mai faɗin mita 3 kewaye da wurin saboda gobarar daji.

Cire zuma

Babban lokacin cirewa daga Fabrairu ne zuwa Mayu, bayan furen ɗorawa, kaɗanya da mangwaro, kafin ruwa ya sauka. Wasu wurare akan sami ƙarama a ƙarshen kaka. A shekarar farko kada ka sa rai da yawa, gini suke yi, kuma kaki yana cin zuma mai yawa kafin a samar da shi. Daga shekara ta biyu, a wuri mai itatuwa, amya mai ƙarfi takan bayar da kilo 10 zuwa 20 a shekara. Lita ɗaya ta zuma wajen kilo 1.4 ce.

Ana buɗewa kamar yadda ake dubawa, daga baya. Saƙar da za a ɗauka ita ce wadda aƙalla kashi uku cikin huɗu nata an rufe shi da kaki. Wadda ba a rufe ba ruwa ya yi mata yawa. Zumar da ruwanta ya haura kashi 20 cikin ɗari tana tsami, ta yi kumfa, ta tashi murfin jarka. A share ƙudan da gashin tsuntsu zuwa cikin amya, a yanke saƙar cikin bokiti, a bar kamar santimita ɗaya a jikin sanda don su bi shi su sake gini, a rufe bokiti nan take. Da ka iso saƙa mai garin fure ko 'ya'ya, tsaya. Ka kuma bar musu saƙar zuma biyu ko uku cikakku kusa da 'ya'yan. Wanda ya kwashe duka a Mayu, yawanci a Agusta zai tarar da amya ba kowa. Kada a yar da guntun saƙa a wurin, yana kiran tururuwa.

A gida, cikin ɗaki rufaffe da dare, a ware farar saƙa daban da baƙa, don baƙar tana rina zuma ta canza ɗanɗano. A farfasa da ludayi, a juye a kan tsabtataccen yadin raga da aka ɗaure a bakin busasshen bokiti, a rufe, a bari ta tsiyaye kwana ɗaya ko biyu. Zafin bazara ya isa ya sa ta gudana. Ba a dafa zuma, ba a narka saƙa a kan wuta don a tatse ta. Tana baƙi, ƙamshi ya tafi, ta ɗauki warin hayaƙi. Bayan tacewa a bar ta kwana uku, kumfa da ɓurɓushin kaki su taso a kwashe, sannan a zuba a kwalba ko jarka busasshiya mai murfi ƙam, wadda ba ta taɓa ɗaukar mai ko kananzir ba. Zuma tana jan laima daga iska, kada a bar ta a buɗe. In ta daskare ta yi tsaki-tsaki da sanyi, ba alamar haɗi ba ce, a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma, kome kyanta, saboda wata ƙwayar cuta da kan kasance ciki wadda hanjinsa bai iya kashe ta ba tukuna.

Tukar da ta rage a kan raga kaki ce, kuɗi ce, kada a zubar. A wanke ta, a zuba cikin tukunyar alminiyam da ruwa ninki biyu, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Kaki yana narkewa a wajen digiri 63, ba ya buƙatar tafasa, kuma in ya malalo kan wuta kamawa yake yi. Tukunyar baƙin ƙarfe tana ɓata masa launi. In ya narke a juye ta cikin buhu zuwa wata roba, a matse da sanda biyu, a rufe a bari ya huce a hankali har safe. Zai daskare a saman ruwan, a ɗaga a kankare dattin da ke ƙasansa. Dukawa da masu haɗa man shafawa suna saye, amma ka fara ware wanda zai ishe ka cika layin sanduna da goge akwatunan kamu kafin Satumba.